Takardar izini da zuwan sufeto a aikin sa makarin zafi: abin da kowa ya gani a gidansa

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ina shirin sa makarin zafi da sanyi a cikin bangaye da saman silin na gidan da nake gyarawa, kuma ɗan kwangilar ya ce mini aikin ba ya buƙatar izini daga ofishin kula da gine-gine. Ina roƙon waɗanda suka taɓa yi su faɗi ko an nemi izini a wurinsu, a wane mataki sufeto ya zo, da kuma abin da ya duba.

Uwargida, wadda ta kammala gyara:
Wa alaikumus salam, Malam. Dokar ta bambanta daga gari zuwa gari, saboda haka kada maganar ɗan kwangila ta wadatar da kai. Ka tambayi ofishin da kanka, kuma ka nemi amsar a rubuce. A wurinmu an ce ƙara audugar gilashi, wato makarin da ake yi da zaren gilashi, a kan wadda ke saman silin ba ya buƙatar izini, amma da zarar za a ɓare bango, ko a taɓa wayar wuta, ko a mayar da gareji ɗakin kwana, to sai da takarda. An fara duba wayoyi da bututun ruwa tun bango yana buɗe, sannan aka jera makarin, sannan sufeto ya dawo kafin a buga allon jifsam da ake rufe bango da shi. Da ya zo, sai ya karanta lambar ƙarfin tare zafi da ke jikin takardar audugar, ya gwada ta da abin da aka rubuta a izinin, sannan ya zura hannu bayan akwatin makunni ya tarar babu komai a wurin. Ya kuma nuna inda aka danne audugar a bayan wani bututu, ya ce iskar da ke maƙale cikinta ce ke tare zafi, don haka wadda aka matse amfaninta ya ragu. Sai da aka tsaga ta, aka sa bututun a tsakiya, kafin ya sa hannu.

Ma'aikacin wutar lantarki:
Hajiya ta faɗi tsarin daidai, kuma dalilin da ya sa ake fara duba wayoyi shi ne, bayan an rufe bango babu mai sake ganinsu sai an fasa. A gidajen da na yi aiki, abin da ya fi jawo sufeto ya ƙi amincewa shi ne fitilun da ake nutsawa cikin silin. Akwai waɗanda aka ƙera don makari ya taɓa su, akwai kuma waɗanda dole a bar musu tazarar inci 3, wato kimanin milimita 75, domin zafinsu ya sami hanyar fita. Na taɓa ɗaga auduga daga kan irin wannan fitila na tarar katakon da ke gefenta ya yi baƙi ƙirin, alhali masu gidan ba su taɓa jin ƙauri ba. Haka nan ba a binne akwatin haɗin waya inda ba za a iya kai hannu gare shi ba, kuma ana barin tazara tsakanin makari da bututun hayaƙi.

Wanda ke ganin duk wannan ɓata lokaci ne, ya tuna abin da ya faru a Ostareliya. A shekarar 2009 gwamnatin ƙasar ta fito da shirin biya wa jama'a kuɗin sa makari a rufin gidajensu, kamfanoni suka yi ta ɗaukar matasa marasa horo, kuma kafin a soke shirin a watan Fabrairun 2010 ma'aikata huɗu sun mutu, uku daga cikinsu wutar lantarki ce ta kashe su. Biyu daga cikin ukun suna buga makari na takardar alminiyam ne da fil ɗin ƙarfe, fil ɗin ya huda waya mai wuta. An kuma sami gobara a gidaje da dama.

Maigida, mai ƙorafi:
Injiniya, ban musa maka ba, amma ba kowane sufeto ne irin na Hajiya ba. Ni aikina ya tsaya cik ana jiran ranar dubawa, masu buga allo suka tafi wani aikin, kuma da jami'in ya zo ko tsani bai hau ba. Ya leƙa ɗaki ɗaya ya sa hannu ya tafi. Abin da ya amfane ni daga baya shi ne hotunan da na ɗauka na kowane bango kafin a rufe, da awo a jiki. Malam mai tambaya, ka kuma lura da sunan da za a rubuta a takardar. Idan ɗan kwangila ya ce ka karɓo izinin da sunanka, ka sani cewa duk gyaran da aka ce a yi, kai ofishin zai nema.

Wadda ta sayar da gida:
Ni kumfar feshi aka sa mini a ƙarƙashin rufi, kuma a nan sufeto bai yi sassauci ba. Kumfar tana cin wuta, tana fitar da hayaƙi mai guba, shi ya sa a inda mutane ke zama ya ce sai an rufe ta da allon jifsam mai kaurin rabin inci. Ya nemi takardar masana'anta da ke nuna gwajin wutar da aka yi wa kayan, ya kuma auna kaurin kumfar da siririyar waya a wurare daban-daban. Tun bayan gobarar benen Grenfell a Landan ranar 14 ga Yunin 2017, wadda ta yi sanadin mutuwar mutum 72, kuma bincike ya nuna cewa allunan da aka lulluɓe ginin da su ne suka fi yaɗa wutar, makarin da ke bayansu kuma ya ƙara mata ƙarfi, ban ga laifin mai tsananta tambaya a kan wannan ba. Da na tashi sayar da gidan, bankin mai saye da kamfanin inshora duk sun nemi takardar shaidar kammala aiki, kuma da ba ta hannuna, da cinikin ya daɗe bai faɗa ba.

Dattijo, mai tsohon gida:
Ɗana, idan gidan naka tsoho ne, ka duba abin da ke saman silin tun kafin ka cike takarda. Na tarar da wasu ƙananan tsakuwoyi marasa nauyi masu ƙyalli, waɗanda ake kira bamikulait, wani tsohon nau'in makari. Mafi yawan wanda aka sayar a Amurka ya fito ne daga mahaƙar Libby ta jihar Montana, wadda aka rufe a 1990, kuma yana gauraye da asbesto mai lalata huhu. An hana ni share shi ko taka shi, sai da ƙwararru masu lasisi suka kwashe, kuma kwashewar ma da nata izinin daban. Bayan an zuba sabon makari, sufeto ya haska tocila a bakin rufi don ya tabbatar ba a toshe kafofin shigar iska ba, ya kuma bi bututun fankar banɗaki har ya ga ya fita waje, domin idan tururin ya tsaya a saman silin, katako zai yi funfuna ya ruɓe.