Ko ya dace waƙafi ɗaya ya hana a haɗa gyaran gaggawa?

Aminu: Assalamu alaikum. Daren jiya manhajar biyan kuɗin da muke kula da ita ta samu matsala, mutane na tura kuɗi ba ya shiga. Cikin minti goma na gano ɓarakar na gyara. Sai GitHub Actions, mai gudanar da gwaje-gwaje kai tsaye a kan duk kod ɗin da aka tura, ta ƙi bari gyaran ya shiga babban reshe, wato ainihin kod ɗin manhajar, wai Prettier, mai tsara rubutun kod, bai gamsu da wani waƙafi ba. Kafin in daidaita shi gwajin ya sake farawa daga tushe, rabin awa ta tafi, wayata kuwa ba ta daina ƙara ba. Ni dai a ganina binciken tsarin rubutu bai kamata ya tare hanya ba. Ya yi gargaɗi, ya bar mutum ya wuce.

Hauwa: Wa alaikumus salam. Sannu da fama, Yaya Aminu, amma ban yarda ba. Gargaɗin da ba ya hana komai, ba mai karanta shi. A inda na yi aiki a baya haka muka bar shi, kafin shekara gargaɗin ya taru har na gaske ya ɓace a cikin tarkacen.

Malam Bashir: Ku raba abu biyu. Akwai mai tsara rubutu, irin Prettier ko Black ko gofmt, shi ruwansa da siffa. Akwai kuma linta, irin ESLint ko Ruff, mai farautar kuskure. Su kansu masu ESLint a 2023 sun janye hannu daga dokokin siffa, suka bar wa masu tsara rubutu. Sai dai Aminu, kada ka raina siffar. A Fabrairun 2014 an gano layin `goto fail;` ya maimaitu a kod ɗin Apple mai tantance amintacciyar haɗuwa ta intanet. Na biyun an tura shi ciki kamar yana ƙarƙashin sharaɗi, alhali ba ya ciki, kullum sai ya gudana ya tsallake binciken sa hannu. Da na'ura ce ta jera layukan, da ya fito fili ido ya gan shi. Irin wannan ne GCC 6, mai fassara kod zuwa harshen na'ura, ya fara yi wa gargaɗi a 2016.

Aminu: Malam, wannan na karɓa. Amma nawa waƙafi ne a ƙarshen jeri, bai canza ma'anar komai ba.

Malam Bashir: Gaskiya ne. Na'urar ce ba ta san wanda ke da lahani da wanda babu ba, kai ma ƙarfe biyun dare ba lallai ka sani ba.

Issoufou: Ni daga Zinder, damuwata daban. Intanet ɗinmu na yankewa, kowace turawa da kyar ake yi. Ga shi a asusun kyauta minti 2000 na gudanar da gwaji kawai GitHub ke bayarwa a wata ga ma'ajiyar kod da ba ta jama'a ba. Me zai hana a sa pre-commit, mai bincike kafin a adana canji, a kwamfutar kowa, ya gyara tun kafin a tura?

Hauwa: A sa, yana da kyau ƙwarai. Amma ƙara `--no-verify` a umarnin adana canji kaɗai ya isa a tsallake shi, sabon ɗan aiki kuma kan manta bai girka ba. Dole a samu wuri ɗaya da kowa zai bi. Yaya Aminu, tambaya: a wane mataki kuka ajiye Prettier?

Aminu: A ƙarshe, bayan sauran gwaje-gwajen.

Hauwa: To nan rabin awarka ta tafi. `prettier --check` daƙiƙoƙi yake ci. Ka ware shi ya gudana shi kaɗai tun farko, za ka san da waƙafin kafin ka ɗauke hannu daga kwamfuta.

Aminu: Wannan zan yi yau, na gode ƙanwata. Amma ina nan a kan cewa ranar da kuɗin mutane ya maƙale, a bar wa mutum ɗaya ikon tsallakewa.

Malam Bashir: Ikon yana nan a saitin kariyar reshe. Ka ba shugaban aikinku, ba wanda ya rubuta gyaran ba, kuma washegari a dawo a daidaita waƙafin.