Shawarwari Kan Haƙƙin Ƙirƙirar Salatif Mai Ƙamewa Da Haske

A zaman da wasu masu binciken sinadarai da lauyoyi suka yi a Samaru, Zariya, an tattauna ko salatif ɗin da aka haɗa ifoksi da akirilik (sinadarai biyu da ake yin gam da su) a jikinsa ya cancanci takardar haƙƙin ƙirƙira. Akirilik ne ke sa shi kama ƙarfe nan take, ifoksi kuwa sai an haska masa hasken ultrabayolet yake fara ƙamewa, har ya riƙe gam.

Lauyoyin sun tunatar cewa dokar haƙƙin ƙirƙira ta Najeriya ta 1970 ba ta amince da abin da duk gwanin fannin zai iya hangowa cikin sauƙi ba, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta tsaurara irin wannan ma'auni a ƙasarta a shari'ar kamfanin KSR ta 2007. Haɗa sanannun sinadarai biyu kawai ba ya wadatarwa. Shawarar da ta fi kama hankalina ita ce mai bincike ya adana sakamakon gwajinsa, musamman inda cakuɗin ya ba da ƙarfin da ba a zata ba, domin magatakardan da ke rajistar haƙƙin ƙirƙira a Abuja ba ya bincikar sabuntar ƙirƙira, sai a kotu ake ƙalubalantarta.

An kuma gargaɗi ɗalibai kada su wallafa bincikensu kafin shigar da buƙatar takardar haƙƙin ƙirƙira.