Dan Allah me ake nufi da "break a leg"?

Mai_neman_sani:
Assalamu alaikum 'yan uwa, ina neman ƙarin haske. Na ga an rubuta wa wani da zai hau dandamali "break a leg", shi kuma ya amsa da godiya, abin ya ɗaure min kai wallahi, ya za a ce mutum ya karya ƙafa kuma ya yi murna? Akwai kuma "kick the bucket" da "under the weather", na bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya a ƙamus amma na kasa gane kansu.

Tsohon_Ticha:
Wa alaikumus salam. Ai nan matsalar take, irin wannan magana ba a tsinka ta kalma kalma, a dunƙule ake ɗaukarta. Ka duba namu ma, in an ce wane yana da farin jini ko dogon hannu, wa zai je auna hannunsa? To "break a leg" fatan alheri ne, a wajen 'yan wasan kwaikwayo ya fi yawa, suna da camfin cewa in ka fito fili ka yi wa mutum fatan sa'a kafin wasa abin zai lalace shi ya sa suke juya maganar. "Under the weather" kuma mutum ba ya jin daɗin jikinsa ne, ba ciwo mai tsanani ba, irin mura ko kasala haka.

Yar_Aji_Uku:
Malam ya gama magana, sai dai ɗan uwa ka yi hattara da "kick the bucket". Mutuwa yake nufi amma da sigar raha, kamar mu ce ya sheƙa barzahu, kar ka kuskura ka faɗa wa wanda aka yi wa rasuwa, zai ga ka ci masa fuska. A ta'aziyya "passed away" ake cewa.

Mai_neman_sani:
Kai na gode sosai, Allah ya ƙara basira. To a ƙamus ta ina zan riƙa nemo su?

Tsohon_Ticha:
Amin. Ka samu Oxford Advanced Learner's ko na Cambridge, duka suna intanet, ka rubuta jimlar gaba ɗayanta. In na takarda ne yawanci a ƙarƙashin babbar kalma ta farko za ka gan ta, na bokitin nan ka duba "kick". Kuma ka lura ko sun sa alamar "informal" a gefe, wato magana ce ta hira da sabo, ka karanta misalan da suka bayar kafin ka fara amfani da ita.