Malaf, fayil ko kati: me za mu kira takardun mara lafiya idan sun koma kwamfuta?

Mai tambaya, Jidda

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakon waɗanda Hausa ta zauna musu a baki. Ina aiki a teburin karɓar marasa lafiya na wani ƙaramin asibitin ido a kudancin Jidda, likitoci biyu da ma'aikatan jinya kaɗan. Wata mai kamawa za mu ajiye biro, komai zai koma kwamfuta: awon ido, hoton cikin ido, maganin da aka rubuta, ranar dawowa. Tsofaffin da ke zuwa mana da yawansu Hausawa ne daga unguwannin Karantina da Sabil, wasu har daga Makka, shi ya sa aka ce in naɗi saƙon murya da Hausa a tura musu ta WhatsApp. Kamfanin da ya sayar mana da manhajar, da Turanci EMR yake ce wa abin, Larabawa kuma almalaffuɗ ɗibbi al'iliktiruni. Malaf dai fayil ne da Larabci, sai na rubuta "malaf ɗinku na lantarki", na karanta wa mahaifiyata, ta tambaye ni ko kuɗin wuta aka ƙara. Don Allah me zan ce?

Ma'aikaciyar jinya, Riyad

Wa alaikumussalam ƙanwata. Ai ba sai an sha wahala ba. Duk wanda ya taɓa shiga asibiti a Kano ko Zariya ya san yankar kati. Ki ce "katin asibiti na kwamfuta", shi ke nan.

Ma'aikacin ajiyar bayanai, Makka

Yaya, ki yi haƙuri, kati daban, abin da take nema daban. A gida kati shi ne ɗan ƙaramin da ake ba ka ka tafi da shi, mai lamba a jiki. Idan ka dawo ka miƙa shi, da lambar ake zaro folda daga kanta, kuma foldar ita ce mai tarihin ciwonka. A nan Saudiyya lambar iƙama, wato katin izinin zama, ta riga ta karɓe aikin kati: lamba goma ce, ta baƙo tana farawa da 2, ta ɗan ƙasa da 1, da ita ake kiran sunanka a kowane tebur. Idan kika ce musu kati, wallahi sai tsofaffi sun yi layi suna jiran a miƙa musu wani abu a hannu.

Hajiya, Shara Mansur

'Yata, kome za ki ce, kar ki ce malaf. Mu nan unguwa idan aka ce an buɗe wa wane malaf, ba a tambayar wane ciwo ne, sai dai a ce Allah Ya fitar da shi lafiya. Kalmar ofishin jawazat, masu kula da shige da fice, ce da 'yan sanda a kunnenmu. Akwai maƙwabciyata da idonta yake ta dushewa, jikokinta na ja mata hannu, amma ta ƙi zuwa asibiti don ta ji an ce yanzu kowa sai an saka shi a sistam. Ki haɗa malaf da kwamfuta a jimla ɗaya, kin kore ta har abada.

Ɗan Mai Wurno, Jidda

Mu a Sudan fayil muke ji a asibitoci, kuma na ga 'yan Najeriya ma suna faɗa. Kowa zai gane. Amma ban ƙi ta Hajiya ba, shi ma yana ɗan warin ofis.

Malamin makaranta, Madina

Ina da shawara, in an yarda. Muna da kalma tun kafin a kawo mana folda: kundi. Kundin malami takardu ne warwara da ake tarawa cikin tadarishi a ɗaure da igiya. Ba a gama rubuta shi rana ɗaya, yau a ƙara warƙa, baɗi a ƙara wata, kuma mai shi ya san inda kowace take. Abu na biyu, ba a buɗe kundin mutum haka kawai. Almajiri yana iya shekaru a gaban malaminsa bai taɓa leƙa kundinsa ba. To me ake so takardun mara lafiya su zama in ba haka ba? A tara, a adana, kada a bari kowa ya leƙa.

Kalmar kuma ba ta tsaya a zaure ba. Muna cewa kundin tsarin mulki, ɗaliban jami'a na rubuta kundin digiri, ba wanda ya ce tsibbu suke yi. Ina ganin "kundin lafiya".

Ma'aikaciyar jinya, Riyad

Allah gafarta Malam, kundi ya yi, na janye kati. Amma lafiya fa? Wanda ya zo da hawan jinin ido ba lafiya ya kawo ba. A ce kundin majinyaci.

Malamin makaranta, Madina

Majinyaci na da ƙafa biyu, Malama. Wasu mara lafiyar suke nufi, wasu mai zama da shi a gefen gado. A rediyo ma ana cakuɗa su. In dai sai an kawo jinya, a ce kundin jinya, a bar mutumin waje.

Ma'aikacin ajiyar bayanai, Makka

Kada ku yar da ko ɗaya, domin abu biyu ne dama, kuma mu da muke aikin kullum muna fama da masu haɗa su. Akwai wanda ke cikin asibiti ɗaya, likitan wurin ne ke rubuta shi, shi ne abin da ƙanwarmu take magana a kai. Akwai kuma babban da ake son ya bi mutum duk inda ya je a ƙasar, wanda ɓangarensa kuke gani a manhajar Sehhaty ta Ma'aikatar Lafiya: rigakafi, ranakun ganin likita, takardar hutun rashin lafiya. Na farko kundin jinya, na biyu kundin lafiya. Turawa ma sunaye biyu suka ba su.

Sai maganar Hajiya, wadda ta fi duk wannan nauyi. Kada a yi wa tsofaffi alkawarin da ba haka yake ba, a ce ba mai gani sai likita. Idan mutum na da inshora, asibiti mai zaman kansa sai ya bi ta dandalin Nphies ya tabbatar inshorar na aiki, ya nemi izinin aikin da za a yi, ya aika da lissafi, kuma sunan ciwon na tafiya tare da lissafin. Wannan gaskiya ce, a faɗe ta. Abin da za a iya faɗa da ƙarfin gwiwa shi ne akwai dokar kare bayanan mutum da ta fara aiki a Satumba 2023, hukumar kula da bayanai ta ƙasa, SDAIA, ke kula da ita. Ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman, ta ce a taƙaita masu buɗe su ga ma'aikatan da aikin ya wajaba a kansu, kuma mai su na da ikon neman a nuna masa, a ba shi kwafi, ko a gyara kuskure. Manhaja mai kyau tana rubuta sunan duk wanda ya buɗe kundi da lokacin da ya buɗe. Folda a kanta ba ta taɓa faɗa maka wanda ya leƙa ta da daddare ba.

Mai tambaya, Jidda

Na gode ƙwarai. Saura wutsiyar: na lantarki ya faɗi tun a ɗakin Umma. Na na'ura? Na intanet? Na zamani?

Ɗan Mai Wurno, Jidda

A asibitin ido komai na'ura ne, za su ɗauka wadda ake ɗora haɓa a kai ake nufi. Na zamani kuma bayan shekara biyar ya zama tsohon yayi.

Ma'aikacin ajiyar bayanai, Makka

Intanet ma kar a sa. Wasu asibitocin a kwamfutar da ke cikin gininsu suke ajiya, wasu a ta kamfani ta hanyar intanet, mara lafiya ba ruwansa da wannan. Sannan a kunnen iyayenmu intanet wurin da ake yaɗa hotunan mutane ne. Kwamfuta kowa ya san ta, ya gan ta a banki. Kundin jinya na kwamfuta. In an saba, wutsiyar za ta faɗi da kanta kamar yadda ba wanda ke cewa wayar salula yanzu sai waya.

Likitan ido, Jidda

Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, sunan na bar wa Malam. Amma tunda mun bi ta wannan hanya a wurin aikina, ga abin da zan ce wa ƙanwata, kuma yana taɓa abin da za ta faɗa a saƙon.

Ki gaya musu za a yi jinkiri a farko, kuma ki roƙi likitocinku su rage yawan waɗanda za su gani a makonnin farko. Likitan ido da zane ya saba. Da'ira biyu a takarda, ɗan ɗigo nan, ɗan layi can, cikin daƙiƙa goma ya nuna inda jini ya tsattsafo a bayan idon mai ciwon suga. A kwamfuta sai ya nemi akwatin da zai danna, kuma yana nema yana ba mara lafiya ƙeya. Tsoho ba ya son a yi masa magana ana kallon wani wuri. Mu da muka juya teburin yadda allon zai koma gefe, ƙorafin ya ragu.

Na biyu, tsofaffin foldoji. Za a ce muku a ɗauki hotonsu duka a zuba, an gama. Hoton takarda hoto ne kawai, kwamfuta ba ta san abin da ke ciki ba. Misali: mai hawan jinin ido ana yawan ba shi maganin ɗigawa timolol, shi kuwa haɗari ne ga mai asma. Manhaja za ta iya yi wa likita gargaɗi, amma sai in wani ya zauna ya buga "asma" a gurbinta da hannu. In tana cikin hoton shafi na goma sha huɗu, shiru za ta yi. Haka awon ƙarfin ido: amfaninsa a ga jerin, 18 bara, 22 watan jiya, 26 yau, a san abin na hawa tunda ya wuce 21. Don haka kowa ya zo, a buga ciwukan da yake da su, magungunan da jikinsa ba ya karɓa, waɗanda yake sha, da awon baya na kusa. Sauran a bar su a hoto.

Na uku, ku yi hankali da sunaye. Muhammad Abubakar Hausawi nawa ne a Jidda? Tsofaffi da yawa kuma 1 ga Rajab aka rubuta musu a matsayin ranar haihuwa saboda ba a san ta gaskiya ba. Suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, ido daban. Da lamba za ku nemi mutum, ba da suna ba. Kuma ku ajiye fom na takarda a aljihun tebur, ranar da sistam ya tsaya ba za ku mayar da wanda ya taso daga Makka ba.

Mai tambaya, Jidda

Allah Ya saka, Likita. Ga abin da zan naɗa, a gyara mini: "Iyayenmu, daga wata mai kamawa kundin jinyarku zai koma kwamfuta. Tarihin idonku da maganinku duka suna nan, ba abin da zai ɓace. Ma'aikatan da ke duba ku ne ke buɗe shi, mai inshora kuma ana aika wa kamfaninsa abin da ya shafi biyan kuɗi. Ku zo da iƙama, ku yi mana haƙuri in layi ya ɗan yi tsawo."

Hajiya, Shara Mansur

Ya yi, 'yata, zan kunna wa maƙwabciyata da kaina. Amma ki ƙara cewa kowa ya zubo kwalaben maganinsa a leda ya taho da su, har na suga da na hawan jini. In kika tambaye mu suna, mai koren murfi da mai jan murfi za mu ce miki, kuma ban ga gurbin wannan a kwamfutarku ba.