Sola na gida a Mabera: zai iya ɗaukar hita?

Assalamu alaikum jama'a. Ina son sa sola a gidana da ke Mabera, Sakkwato. Kayan wutar su ne fanka 3, ƙwai 8, talabijin da firij ɗaya. Sai kuma ruwan wanka na yara da asuba idan hunturu ya shigo. Me zan saya, kuma hita za ta hau kai?

Amsa ta farko:
Wa'alaikumus salam Malam. Fanka 3 masu wat 70 na awa 8 za su ci wat-awa 1,680. Haɗa da firij, ƙwai da talabijin, ka tasam ma 3,600 a yini. Fanel 4 masu wat 450, inbata 3kVA mai bolt 24 da caja MPPT (na'urar da ke daidaita wutar fanel zuwa batir), da batirin litiyom 5kWh sun ishe ka. In batirin ruwa za ka saya, ka sani mai 200Ah rabinsa kawai ake sha, wato wat-awa 1,200 in mai bolt 12 ne. Wuce haka kullum shi ke kashe shi da wuri. Kada a yi rowar waya, a sa 6mm daga fanel, siririya zafi take yi.

Amsa ta biyu:
Hitar nan ce matsalar, Yallaɓai. Wat 1,500 take ja, kuma da asuba batir ya riga ya kwana yana aiki. Bokiti ɗaya mai lita 20 zai cinye kusan wat-awa 600, uku kuwa inbata ta fara kuka. Gara ka sayi tankin dumama ruwa na rana, mai bututun gilashi, lita 150. Ba ya taɓa batir, kuma ruwan yakan kwana da ɗuminsa. Sharaɗi ɗaya: in tankin ya ƙafe, kada a zuba masa ruwan sanyi da tsakar rana, gilashin fashewa yake yi. A bari sai yamma ta yi sosai.

Amsa ta uku:
Fanel haske yake so, zafi rage masa ƙarfi yake, balle zafin Afrilu na garin nan. A bar tazarar kamar santimita 15 tsakaninsa da kwano don iska ta ratsa, a fuskantar da shi kudu, a ɗan karkata digiri 13 zuwa 15. Ƙurar hunturu kuma sai an wanke ta duk mako, da sassafe. Batir a ɗaki mai iska, ba cikin shagon da ke tafasa ba.