Shawarwari a Zaure: Tunani Ya Yi Yawa, Barci Ya Ƙaurace, Ta Ina Ake Farawa?

Autar Zaure: Assalamu alaikum. Don Allah masana cikinmu, wanda damuwa ta fara yi wa yawa, tunani ba dare ba rana, barci sai sama-sama, me zai riƙa yi da kansa kullum?

Malam Nas: Wa alaikumus salam ƙanwata. Barcin za a fara gyarawa, kuma daga lokacin tashi ake kama shi. Ya tsayar da lokacin tashi guda, har ranar hutu, ko da daren bai runtsa ba. Da ya tashi ya fita hasken rana kamar minti 15, hasken ne ke saita agogon jiki. Babba yana buƙatar awa 7 zuwa 9. Inda ake ɓata abin: an kwana ido biyu, sai a rama da rana awa biyu ko uku, dare ya yi ido ya bushe. In na ranar ya zama dole, kada ya wuce minti 20, kuma kafin ƙarfe 3. In ya kwanta kusan minti 20 barci ya ƙi zuwa, ya sauka daga gado, ya zauna inda haske bai da yawa, ba waya a hannu, sai ya fara hamma ya koma. Yawan juye-juye yana koya wa ƙwaƙwalwa cewa gado wurin saƙa da warwara ne.

Anti Babba: Malam ka manta kofi da shayi da lemukan ƙara kuzari. Kafeyin ɗin da ke cikinsu, wato sinadarin da ke korar barci, bayan awa 5 zuwa 6 kusan rabinsa na nan a jini. Wanda ya sha ƙarfe 5 na yamma, da shi zai kwanta. A tsaya daga tsakar rana. Mai sha da yawa ya rage a hankali, yankewa lokaci guda na kawo ciwon kai.

Babban Yaya: Sai tafiya a ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Saurin da ake so: kana iya magana amma ba ka iya waƙa. A fara da minti 10. Kuma kada a jira sai an ji sha'awa, don mai damuwa sha'awar ce ta tafi, sai an motsa take biyo baya.

Autar Zaure: To in faɗuwar gaba ta taso farat ɗaya fa? Na ji ana cewa a ja dogon numfashi.

Malam Nas: Nan ake samun matsala. Jan numfashi da ƙarfi a kai a kai yana fitar da iskar kabon fiye da kima, sai jiri da ƙuncin ƙirji, yatsu su yi tsirr, tsoro ya ƙaru. Fitarwar ce za a tsawaita: a shaƙa ta hanci ana ƙirga 4, a fitar a hankali ana ƙirga 6, hannu a kan ciki, ciki ne zai riƙa tashi. Minti 5. A saba da shi lokacin da ake lafiya lau, ba a koyon iyo ranar da kwalekwale ya kife.

Anti Babba: Tunanin kuma a yanka masa lokaci: minti 15 da yamma, da biro da takarda. Kowace damuwa a rubuta ta, a gabanta a sa mataki ɗaya da za a iya ɗauka. Wadda ba ta da mataki a bar ta a takardar. Ban da dab da kwanciya.

Likitan Zaure: Duk sun yi daidai, amma a ɗauki ɗaya ko biyu, a riƙe su mako biyu kafin a ƙara. Sannan akwai iyaka. Ƙunci ko rashin jin daɗin komai kusan kullum har mako biyu, cin abinci ya canza, aiki ya gagara, wannan na asibiti ne. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo ma suna kwaikwayon damuwa, gwajin jini ke rabewa. Tunanin kashe kai kuwa ba a jira: a ranar za a kai mutum asibiti, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da makami daga kusa da shi.

Autar Zaure: Likita, tambayar mutum kai tsaye ba za ta sa masa tunanin ba?

Likitan Zaure: Ba ta sawa. Ki tambaye shi a keɓe, cikin natsuwa: "Kana tunanin kashe kanka?" Sai ki yi shiru ki saurara, ban da faɗa, kuma kada ki yi masa alkawarin ɓoye maganar.