Tagullar akwatin shayina na Faransa ta ɗago da shigowar hunturu, ina mafita?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na sayi ƙaramin akwatin ajiye ganyen shayi a kasuwar tsofaffin kaya ta Saint-Ouen, a gefen Paris. Baƙi ne, da zanen tagulla a kan jan fili, an rubuta "Thé" (shayi da Faransanci) a murfi, cikinsa gida biyu. Mai shagon ya ce na zamanin Napoleon III ne, sarkin Faransa. Tun da iskar hunturu ta taso a Kano, tagullar kusurwa ɗaya ta ɗago. In manne da super glue? In goge da Brasso, man goge tagulla? Kuma ina ya dace ya zauna a falo?

Mai gyaran tsofaffin katako: Wa alaikumus salam Hajiya. Don Allah ki ajiye super glue ɗin nan, in ya kama ba mai iya kwancewa sai da ɓarna. Aikin da kika kwatanta shi ake kira Boulle, sunan André-Charles Boulle ne, kafintan Sarki Louis XIV na Faransa. Boulle ya mutu a 1732. An sake yayin aikin sosai a zamanin Napoleon III, tsakanin 1852 da 1870. Ana haɗa fallen tagulla da na ƙoƙon kunkurun teku ko ƙaho, a yanka su tare da siririn zarto, a manna a jikin katako da gam na dabba: na fata, ƙashi ko kifi.

Abin da ya faru shi ne katakon ya sha bushewa ya tsuke, tagulla kuwa ba ta tsukewa, sai ta rasa wurin zama ta ɗago. Yanzu ta fi raminta tsawo, in kika danna da ƙarfi lanƙwashewa za ta yi. A fara mayar wa katakon danshinsa. Ki sa shi a kabet mai rufewa, da kofin ruwa a gefe, ba a jikinsa ba, da ƙaramin ma'aunin danshi. Ana son 45 zuwa 55 cikin ɗari, a hankali, kamar mako biyu. Bayan haka a share tsohon gam da auduga mai ɗan jiƙe da ruwan ɗumi, a zura gam na kifi kaɗan da siririn burushi, a ɗora leda, a ɗora guntun katako mai santsi, a danne awa 24. In wani yanki ya faɗo, ki adana shi a ambulan.

Mai sayar da kayan da: Brasso ma a'a. Yana da ammoniya da gari mai kankara, yana cin fentin sama, kuma yana barin farin saura a cikin zanen da ba ya fita. Duhun tagullar nan yana cikin abin da masu saye ke biya. Kada ma ki share da tsumma yanzu, zare zai kama bakin da ya ɗago ya fizge shi. Burushin kwalliya mai laushi ya isa. In an gama gyara, a shafa Renaissance Wax, wato kakin kare kayan da, ɗan mitsitsi sau ɗaya a shekara.

Batun shekarunsa: ki buɗe ki duba farantin gidan makulli. Manyan shagunan Paris na wancan zamani irin su Tahan da Alphonse Giroux a nan suke zana sunansu, amma da yawa na ainihi ba su da suna ko kaɗan. Ki duba sukurorin hinji, tsaga ɗaya ake so. Mai tsagar gicciye sai a shekarun 1930 ta fito, ko da yake wani mai gyara na iya canza su daga baya. Kuma in jan filin nan ƙoƙon kunkuru ne, yana ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar barazanar ƙarewa, ki nemi mai shagon ya ba ki takardar da ke nuna shekarunsa da abin da aka yi shi da shi, ki riƙe rasit.

Wata mamba: Ba ki tambaya ba, amma kada ki zuba ganyen shayi a ciki. Siririn fallen ƙarfen da aka shimfiɗa a gidajen biyu sau da yawa akwai dalma a cikinsa, kuma yana marmashewa.

Mai tsara ɗakuna: Hajiya, ki ɗauke shi kamar yadda iyayenmu ke ɗaukar kwanon jere mafi tsada, bayan gilashi yake zama. Ban da gefen taga, rana tana kodar da jan. Ban da saitin iskar AC ko saman talabijin. Babban haɗarinsa a gidajenmu turare ne: fentin irin waɗannan akwatuna narkewa yake a sifirit, turaren fesawa kuwa akwai sifirit a cikinsa, ɗigo ɗaya zai bar tabo, hayaƙin turaren wuta kuma yana lulluɓe shi da maiƙo.

Wajen jerawa, ki ba shi sarari. Abu uku sun isa a shiryayye ɗaya: shi a tsakiya kan litattafai biyu a kwance, tiren tagullar Bida a jingine bayansa, kofin tangaran a gefe. Bayansa ya zama launi guda mai haske, don baƙi a kan baƙi ɓacewa yake. Fitila kuma LED, wadda ba ta zafi.

Mai gyaran tsofaffin katako: Ƙari kaɗan: kofin ruwan na hunturu ne kawai. Da damina ta faɗi ki cire shi, danshi in ya wuce 65 gam yana saki, fumfuna ta kama ciki. Ki shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashinsa. In kika ga garin katako a kanta, akwai ƙwaro mai rai, ki raba shi da sauran kayan katako, ki ƙulle a leda, kada ki fesa masa maganin sauro.